Ranar da mota ta ƙi gane ni

Talata, da dare.

Yau da safe sai da na yi minti goma sha biyar cur ina tsaye a jikin motata kamar baƙo, jaka a kafaɗa, 'yata riƙe da gefen rigata tana cewa, "Abba, za mu makara fa." Wata takwas ke nan da na sayi motar nan mai amfani da lantarki, kuma tun makon farko rabona da ɗaukar wani abu mai suna makulli. Wayata ce makullin. Ina dosowa madubai za su buɗe, fitila ta ƙyafta, in ja ƙofa in shiga, in taka birki in sa giya. In na sauka na yi 'yan taku, sai in ji ta kulle kanta a bayana. Sabo ya sa har na manta cewa akwai wata magana da waya da mota suke yi a tsakaninsu kafin a buɗe mini.

To yau na ja hannun ƙofa, shiru. Na sake ja da ƙarfi, kamar ƙarfi ne zai yi aikin. Abin da ya fara zuwa raina shi ne sabis, na duba na ga data na nan daram. Daga baya ma na tuna babu ruwan wannan makullin da intanet, ta Bluetooth yake aiki, ko a ƙarƙashin ƙasa aka ajiye motar ya kamata ta buɗe. Sai na zargi aljihun baya, don ya taɓa yi mini haka. Siginar Bluetooth a kan gigahaz 2.4 take tafiya, jikin mutum kuwa galibi ruwa ne, yana shanye ta, shi ya sa wani lokaci sai ka juya wa mota baya kafin ta gane ka. Na ciro wayar, na kara ta a gilashi, na kashe Bluetooth na kunna. Ko gezau.

Da na buɗe manhajar motar ne na ga inda gizo ke saƙar. Ashe cikin dare wayar ta sabunta kanta, ta fitar da ni daga asusuna, manhajar na neman in sa kalmar sirri. Kalmar da na sa sau ɗaya tak, ranar da na karɓi motar! Na gwada uku, duk ta ce a'a. Ina cikin haka na leƙa ta gilashi, sai ga katin makulli, wanda aka ba ni musamman saboda rana irin ta yau, yana kwance a ɗan akwatin da ke tsakanin kujeru, gefensa ya leƙo daga ƙarƙashin fakitin tishu. Tsakanina da shi bai kai kamu uku ba. Ni na ajiye shi a wurin da hannuna, wai don kada ya ɓata.

Mai ɗakina ce ta fito ta same mu. Ba ta ce komai ba, ta dai matso da wayarta a hannu, motar nan ta ƙyafta fitila ta buɗe kamar ta ga uwar ɗakinta. Ina zama kujera ta fara matsowa gaba da kanta, don ta ɗauka ita ce za ta tuƙa, har gwiwoyina suka tokare da sitiyari. "Maigida, ko in kai ku ne?" in ji ta, tana danne dariya. Na ɗauki katin na jefa a aljihun gaba, muka tafi. Yarinya ta makara da minti goma.

A ofis na canza kalmar sirri, na shiga, amma duk da haka manhajar ta nuna makulli bai haɗu ba. Sai da na kutsa cikin saitin wayar na tarar tsarin tattalin batir ya sa manhajar barci, ya jefa ta cikin jerin waɗanda ba a cika buɗewa ba. Abin ya ba ni dariya, ya kuma ba ni haushi. Ai saboda tana aikinta yadda ya kamata ne ban cika buɗe ta ba. Na cire ta daga jerin, na mayar mata da izinin ganin na'urorin da ke kusa da na wurin da nake, na sauka ƙasa na gwada. Ta buɗe tun ina taku biyar da ita.

Wani abokin aikina da ya ga ina ta hawa da sauka ya ce shi fa ba zai taɓa yarda da makullin da ake yi wa caji ba. Na ce masa remot ɗin motarsa ma batir ne a ciki. Ya ce e, amma nasa batirin yana shekara biyu ko fi, kuma in ya mutu akwai ƙarfe a ciki da zai zaro ya murɗa. Ban sami amsar wannan ba, sai na kama yi masa bayanin cewa abin da ake kira makullin waya ba iri ɗaya ba ne. Akwai buɗewa daga nesa, wadda ke bi ta intanet zuwa kwamfutocin kamfani sannan ta dawo motar. Ita ce mafi rauni, don a Nuwamban 2021 da sabar kamfanin motoci na Tesla, wato irin waɗannan kwamfutocin, ta sami matsala, mutane a ƙasashe daban-daban sun yi ta ƙorafin manhaja ta ƙi buɗe musu mota, har sai da shugaban kamfanin, Elon Musk, ya fito ya ba da haƙuri. Akwai ta Bluetooth, irin tawa, wadda Tesla ɗin ta yi suna da ita tun fitowar Model 3 a 2017, motar da aka fara sayarwa da waya da kati kawai, babu remot. Sai kuma ta NFC, wato sadarwa ta kusa-kusa, wadda sai ka kara waya a hannun ƙofa, santimita huɗu ko ƙasa da haka. Da ita Apple ta fara a 2020 tare da BMW, kuma abin da ya fi burge ni a nan shi ne ko iPhone ta mutu don rashin caji, makullin na iya ci gaba da aiki har kusan awa biyar. Nawa makullin a cikin manhaja yake zaune. Waya na mutuwa shi ma ya mutu.

Ya ce, "To ɓarayi fa?" Nan ma gaskiya na gaya masa. A 2022 masu bincike na kamfanin tsaron kwamfuta NCC Group sun nuna yadda mutum biyu za su iya yaudarar makullin Bluetooth: ɗaya ya tsaya kusa da mai waya, ɗaya kusa da mota, na'urorinsu su miƙa siginar, mota ta ɗauka mai ita ne ya iso. Remot ma an daɗe ana yi masa wannan dabarar, ba waya ce ta kawo ta ba. Maganin da aka fito da shi shi ne wani nau'in siginar rediyo mai suna UWB, wanda ƙungiyar kamfanonin motoci da na waya, Car Connectivity Consortium, ta sa cikin ƙa'idar makullinta ta uku a 2021. Shi ba ƙarfin sigina yake aunawa ba, lokacin da sigina ta ɗauka ta je ta dawo yake ƙirgawa, don haka in an miƙo ta daga nesa sai jinkirin ya tona asiri. Sai dai dole motar da wayar duka su kasance suna da shi, tawa wayar kuwa ba ta da shi. Ina komawa mota na kunna tsarin nan na sa lambobi huɗu a allo kafin giya ta shiga, wanda na daɗe ina ganinsa ina wucewa.

Da yamma kuma wani sabon salo. Duk wannan tone-tonen ya cinye cajin, na fito ofis wayar na kashi 3, igiyar caji kuwa tana cikin mota. Kafin in isa wurin ajiye motoci allon ya yi baƙi. Da jiya ne, da nan zan tsaya ina neman wanda zai ara mini caja. Na zaro katin, na tsaya ina lalube, don ban taɓa amfani da shi ba. Na kara a hannun ƙofa, babu. Na kara a gilashi, babu. Sai da na shafa shi a hankali a jikin ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya na ji ƙit, madubai suka buɗe. Ɗan katin nan ba shi da batir ko kaɗan, daga jikin motar yake samun 'yar wutar da yake buƙata. Abin da kawai zai kayar da shi shi ne in ƙaramin batirin motar mai bolt 12 ya mutu, don shi ke riƙe da ƙofofi da kwamfutar, ba babban batirin da ke ƙarƙashin mota ba. In hakan ta faru kuwa, waya da kati duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Ban fasa amfani da waya ba, kuma ba na jin zan fasa. Cikin wata takwas sau ɗaya ta kunyata ni sosai, sauran ranakun kuwa hannuna cike da kaya nake zuwa ƙofa ta buɗe. Ɗazu dai na rubuta kalmar sirrin a takarda na adana, na kashe sabunta kai da wayar ke yi cikin dare. Katin kuma na cusa shi a bayan rigar wayar, ina jin na yi dabara. Mai ɗakina ta kalle ni ta ce, "Maigida, in wayar ta ɓata fa?" Na zaro shi na sa a walat. Ta miƙo hannu ta ce in ba ta na biyun, ita ba ta yarda da ajiyata ba. Mun duba akwatin takardun mota, mun duba durowa, har yanzu ba mu gan shi ba.