Ginin da Ba a Shiga Cikinsa: Ziyarata Zuwa Sanchi

Da sanyin safiya na hau tudun Sanchi, wanda ke da nisan kilomita 46 daga birnin Bhopal a jihar Madhya Pradesh ta Indiya, ina tsammanin zan tarar da ɗakin ibada. Ashe babbar stupa ba ta da ciki. Dunƙulallen gini ce mai kama da kifaffiyar ƙwarya, wadda aka yi domin adana ragowar jikin manyan addinin Budda, kuma masu ziyara kewaya ta suke yi tana hannunsu na dama.

Sarki Ashoka ne ya fara gina ta da tubali a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, daga baya aka lulluɓe ta da dutse har faɗinta ya kai kusan mita 36.

Abin da ya fi ɗauke mini hankali shi ne shingen da ya kewaye ta. Na sa hannu na shafa, sai na ga an huda ginshiƙan an zura sandunan dutse a cikin ramukan, kamar yadda kafinta yake haɗa katako. Dutse ba ya bukatar wannan wahala, amma hannun da ya saba da itace bai yarda ya sauya hali ba. Rubutun da ke ƙofar kudu ma ya nuna cewa masassaƙan hauren giwa na garin Vidisha sun yi aiki a kanta, kuma lallai aikin ya yi kama da nasu, domin da ƙyar suka bar wurin da babu giwa, ko dawisu, ko taron mutane.

Duk da wannan cunkoso, ba a sassaƙa siffar Budda ko sau ɗaya a ƙofofin huɗu ba. A ƙofar gabas na daɗe ina kallon doki babu mahayi, an riƙa masa laima, sannan can a ƙarshe ga sawun ƙafafu biyu, duk alamu ne da ke wakiltar Budda. A ganina wannan ya fi kowane mutum-mutumi ƙarfi.

A ƙaramar stupa ta 3 ne Alexander Cunningham, wani Bature mai binciken kayan tarihi, ya tono ragowar almajiran Budda biyu, Sariputta da Moggallana, a 1851. An kai ragowar almajiran Ingila, sai a 1952 aka ajiye wani ɓangare nasu a sabon wurin ibada da ke kan tudun. A watan Nuwamba kawai ake fito da su, ni kuwa a Fabrairu na je.