Ƙwaƙwalwa ba ta tsaya inda hoto ya bar ta ba

Daga Tawa aka kawo wani yaro Yamai, shekarunsa 17, hannunsa na dama duk tabon wuta, don farfaɗiya ta taɓa kayar da shi a bakin murhu. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an sha maganin asibiti Gardénal, an koma Tégrétol, amma ba ya sati bai faɗi ba. A wurinmu likitoci, in an sha magani biyu da suka dace yadda ya kamata kuma suka kasa, ciwon ya gagari magani ke nan. Kusan ɗaya cikin uku na masu farfaɗiya haka suke.

IRM, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, ta nuna ɗan ƙulli a ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke saitin kunnen dama, gwajin EEG mai auna lantarkin ƙwaƙwalwa ma ya nuna daga nan abin ke tasowa. Mahaifinsa ya ce, "Likita, kan za ku fasa?" Na ce, "Baba, ƙofa za mu buɗe, mu mayar."

A Rabat, inda na yi horo, na saba da na'urar jagora: a loda hoton IRM a kwamfuta, a daidaita shi da fuskar majinyaci, duk inda ka ɗora tsinke sai wurin ya fito a allo. Ta shagwaɓa ni, gaskiya. Amma hoton nan tun kafin a buɗe kai aka ɗauke shi. Da an yanka tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, ruwanta ya tsiyaye, sai ta zauna kamar fura in an juye nonon. Takan gusa da ƴan milimita, wani lokaci har ta wuce santimita ɗaya.

Ranar aikin yaron, awon da na yi a hoto na bi. Na buɗe, ido bai ga komai ba, nama lafiya lau. Saura kaɗan in shiga inda na auna, sai babbanmu ya ce a kawo eko, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Muka sa kanta cikin leda mai tsabta, muka zuba ruwan gishiri, muka ɗora. Ga ƙullin nan fari, ya koma baya kaɗan, ya yi ƙasa. Da na cire, na sake dubawa kafin mu rufe, ashe akwai guntu da ya maƙale. Tun ranar ba na rufe kai ban sake ɗora eko ba.

Bayan wata uku suka dawo, bai faɗi ko sau ɗaya ba. Tsohon ya tambaya ko a bar magani haka. Na ce, "Baba, tukuna."