Ƙyallin farin dutse ne ya cinye min kuɗin babur

Ƙannena na Agege da Mile 12, musamman ku da nake ji kuna shirin tafiya Osun haƙar zinare, don Allah ku saurare ni. A 2022 da aka hana acaba a wasu unguwannin Legas na saida babur ɗina, sai ga wani ya zo majalisarmu da farin dutse a leda, duk jikinsa ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa yana walƙiya, wai daga raminsu ne wajen Ilesha. Ko shawara ban nema ba na zuba kuɗin kaf.

Sai da na je can wani dattijo ɗan Anka ya karɓi dutsen ya ɗora a kan wani ya buga masa guduma, abin nan mai ƙyalli ya farfashe ya zama baƙin gari. Ya ce yaro wannan ba zinare bane, zinare laushi gare shi, in ka buga shi baje wa yake, kuma in ka wanke a kasko shi ke kwanciya ƙasa don ya fi farin dutsen nauyi wajen sau 7. Wallahi ranar gwiwata ta yi sanyi.

Shi ya fahimtar da ni yadda jijiyar zinare take, wato layin farin dutsen nan da ake bi a cikin rami. Tun zamanin da ruwa mai tsananin zafi ke tasowa daga can ƙarƙashin ƙasa yana bin tsagar duwatsu, da ya huce sai ya bar farin dutsen nan ya cike tsagar, zinaren kuma ba raba shi aka yi daidai ba, nan ka samu, kamu biyu gaba fayau. Shi yasa kamfanin haƙar zinare irin na Segilola da ke Osun sai ya huda wurare da yawa ya gwada kafin ya fara, 'yan giram kaɗan a tan guda ma murna suke. Ni dutse ɗaya da aka zaɓo min na gani. Wata 3 muna bin jijiyarmu, daga faɗin taƙi biyu ta koma kamar yatsa, ta ɓace.

Abin da ya fi damuna har yau ba kuɗin bane. Wata jijiyar tana tafe da dalma, wani dutse mai toka-toka mai nauyi, ita ce a 2010 ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, yankin Anka da Bukkuyum, saboda niƙan dutse a cikin gida. Ni kuma da na dawo Agege kayana masu ƙurar rami na rataye a ɗakin da 'ya'yana ke kwana, sati guda suna nan kafin na tuna maganar dattijon na kwashe su waje. Allah ne kawai ya tsare. In kun je kar ku niƙa dutse kusa da yara, ku yi wanka ku canza kaya tun a bakin rami.