Yadda ƙanena ya shiga NDA a karo na biyu

Ƙanena, wanda shi ne autan ɗakinmu, ya gama sakandare a Funtuwa da kiredit takwas, kuma tun kafin sakamakon ya fito ya riga ya shaida mini cewa Kwalejin Horas da Hafsoshin Soja ta Kaduna yake so, wadda kowa ya fi sani da NDA. Da yake mahaifinmu ya rasu, ni ne tsaye a kan karatunsa, saboda haka duk takardar da aka cike da duk tafiyar da aka yi ta hannuna suka bi. Na faɗa masa abin da kowa a unguwarmu zai faɗa, cewa wurin nan sai mai ƙafa, mu kuwa ko kofur ba mu da shi a dangi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, a bar ni in gwada, idan babu rabo shi ke nan."

Abin da na fara fahimta shi ne cewa NDA jami'a ce kuma bariki ce a lokaci guda. An kafa ta a 1964 a madadin tsohuwar kwalejin horas da sojoji ta Kaduna, inda irin su Muhammadu Buhari da Ibrahim Babangida suka fara samun horo, kuma kwamandanta na farko ɗan Indiya ne, Birgediya Varma. Tun daga 1985 aka fara karatun digiri a cikinta, shi ya sa ɗalibin sojan ƙasa yake shekara biyar, huɗu na karatu haɗe da horo, ta biyar kuma ta zallar aikin soja, kafin ya fito da digiri da anini ɗaya a kafaɗa. Wannan ne dalilin da ya sa ƙofar farko ita ce jarrabawar JAMB, kuma dole yaro ya sa NDA a matsayin zaɓinsa na farko. A shekarun da muka nema ana buƙatar maki 180, mai son karatun injiniya kuma 210, da kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi, da shekarun haihuwa daga 17 zuwa 21, da tsayin da bai gaza mita 1.68 ba ga namiji, kuma ba a karɓar mai aure.

Duk waɗannan ƙanena ya cika su a 2021, ya kuma ci jarrabawar tantancewa da makarantar take shiryawa da kanta, aka gayyace shi Kaduna gaban hukumar zaɓe ta rundunonin soja, wadda 'yan takara suke kira AFSB. Murnar da muka yi a gida kamar an riga an ɗauke shi, alhali a nan ne aikin yake farawa. A can ake bin takardun yaro ɗaya bayan ɗaya, likitoci su duba jini da ƙirji da ido da haƙori, a dubi ƙafarsa ko yana da gwame ko tafin ƙafar a shimfiɗe yake, sannan a fitar da shi fili a gwada gudunsa da juriyarsa, daga ƙarshe ya zauna gaban manyan hafsoshi su yi masa tambayoyi. Akwai kuma abin da ban lura da shi ba sai daga baya, wato guraben jiha-jiha ake raba su, don haka abokan takararsa na gaskiya 'yan Jihar Katsina ne 'yan'uwansa, cikinsu har da yaran da suka fito daga Makarantar Soja ta Zariya, waɗanda tun suna 'yan shekara goma sha biyu ake tashinsu da asuba ana sa su gudu.

Sunansa bai fito ba. Ya dawo gida ya yi kwana uku ba ya son magana, sai a rana ta huɗu, muna zaune a zaure bayan sallar isha'i, ya gaya mini gaskiya cewa a gudu ne aka bar shi a baya, har sai da ya tsaya ya riƙe ciki yana haki. Yaro ne mai ƙoƙari a aji, amma iyakar motsa jikinsa ƙwallon yamma ce a filin firamare, kuma ni da ya kamata in hango wannan na mai da hankali ga sayen littattafan tsofaffin tambayoyi kawai.

A watan Agusta na wannan shekarar ne 'yan bindiga suka kai hari matsugunin makarantar na dindindin da ke Afaka, suka kashe hafsoshi biyu suka sace ɗaya. Inna ta ji labarin a rediyo, ta kira ni ɗakinta ta ce Allah ne ya kuɓutar mata da ɗa, kuma kada in sake kawo mata maganar soja a gidan nan. Ban yi mata gardama ba, domin ni ma jikina ya yi sanyi. Baffanmu ne, ƙanen mahaifinmu, ya zauna da ita daga baya ya ce mata, "Ki duba fa, mu da ba soja ba, noma ma ya gagare mu a gonakinmu na yamma da gari, to ina ne babu hatsarin?" Ba ta ce ta yarda ba, amma ta daina hanawa, kuma wanda ya san Inna ya san wannan ma ba ƙaramin sassauci ba ne.

Shekarar da ta biyo baya ita ce ta bambanta. Kullum bayan sallar asuba yakan ɗaura takalmi ya bi titin Zariya da gudu, har cikin hunturu lokacin da hazo yake rufe hanya, ya dawo leɓɓansa a tsattsage. Wani tsohon saje mai ritaya da ke sayar da gawayi a bakin kasuwa ya riƙa nuna masa yadda ake numfashi a dogon gudu da yadda ake tsayuwa gaban babba a amsa tambaya ba tare da in'ina ba. Ni kuma na koma kan takardu, inda na tarar an rubuta sunan mahaifinmu iri biyu, ɗaya a sakamakon sakandare ɗaya a takardar haihuwa, sai da muka je kotu aka yi rantsuwa aka daidaita, muka kuma sabunta takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Ya sake zana JAMB, domin makin bara ba ya aiki a bana.

Bayan ya dawo daga AFSB karo na biyu, muna jiran sakamako, wani mutum ya kira ni a waya da murya mai kauri ya ce shi kanar ne, sunan ƙanena yana cikin 'yan jiran tsammani, amma idan na tura naira 300,000 kafin la'asar zai mayar da shi cikin waɗanda aka ɗauka. Ya san sunan yaron da jiharmu, abin da ya sa gabana ya faɗi, har na fara lissafin abin da zan sayar. Ƙanena ne ya hana ni, ya ce an sha gargaɗinsu cewa makarantar ba ta karɓar kuɗi don ba da gurbi. Ba na musun cewa alfarma tana aiki a wurare da yawa a ƙasar nan, sai dai yawan nanata maganar ƙafa da muke yi shi ne yake ba irin waɗannan 'yan damfara abinci, domin sun san uban da ya riga ya yarda sai da hanya ba zai yi wuyar zare kuɗi ba. Da na ce wa mutumin zan zo ofishinsa da kaina, sai ya kashe wayar.

Sakamakon ya fito bayan 'yan makonni, muka duba a shagon kwamfuta na bakin tasha, sunansa yana nan ƙarƙashin Jihar Katsina a jerin sojan ƙasa. Mai shagon ya buga mana shafin sau biyu, ya ce na biyun kyauta ne a kai wa Inna.

Ranar tafiya ta soya masa nama ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da garin kwaki a leda, duk da ya gaya mata ba lalle a bar shi ya shiga da su ba. Ta dafa kansa a ƙofar gida ta yi addu'a mai tsawo, ba ta yi kuka ba sai da motar ta tashi, kamar yadda ƙanwata ta ba ni labari. Ni na raka shi har ƙofar makarantar, inda iyaye suka yi cirko-cirko a rana, wasu daga Fatakwal wasu daga Maiduguri, kowa yana leƙen nasa. Wani soja ya daka tsawa, yaran suka ɗora akwatunansu a ka suka shiga da sassarfa, na bi shi da ido har ya ɓace a cikinsu. Ledar ƙuli-ƙulin a hannuna ta rage, kuma da na isa Funtuwa da magariba a zaure na ɓoye ta kafin in shiga gaishe da Inna.