Daga Agege zuwa tsaunukan Bale

Harkar fata ce ta fitar da mu daga Legas, ni da Kawu, ƙanin mahaifiyata mai shago a Agege. Daga filin jirgin Murtala Muhammed zuwa Adis Ababa awa biyar ne da 'yan kai, cunkoson Ikeja ma ya fi jirgin gajiyar da mu. Da ciniki ya faɗa, abokin hulɗar Kawu ya rantse ba za mu koma ba sai mun taka garinsu, Goba, fiye da kilomita 400 kudu maso gabas da Adis.

Daga Goba mota ke hawa zuwa Sanetti, wani shimfiɗaɗɗen fili a gandun Bale da ya kai mita 4,000 a sama. Ba inuwa, sai duwatsu da gajeriyar ciyawa da iska mai yanka kunne. Wanda jikinsa ya saba da zufar Legas, a nan haƙoransa ke kaɗawa. Kawu ya naɗe cikin bargo yana cewa sanyin Jos wasan yara ne.

Rana ta ɗan ɗaga muka ga wani naman daji. Ja ne, wuya da ƙirji fari, ƙafafu dogaye, baki siriri. "Ɗana, wannan ai dila ne," in ji Kawu. Mai yi mana jagora ya ce a'a, kerkecin Habasha ne, duk duniya babu shi sai a tsaunukan ƙasar, waɗanda suka rage ba su wuce 500 ba, kuma fiye da rabinsu a Bale suke. Babbansu bai cika kilo 20 ba.

Farautarsa ta burge ni. Shi kaɗai yake fita. Ya laɓe, ya kafa kunne a bakin rami, sai ya yi wuf. Ɓeraye ne kusan duk cimarsa, musamman wani mai ƙaton kai da ya kusa kilo guda, wanda sai a Bale ake samunsa. Amma kwana tare suke yi, da sassafe su gaisa, su zaga iyakar yankinsu. Mace guda ce ke haihuwa a garke, sauran su taya ta ciyar da 'ya'yan.

Wannan zumuncin ne ke jawo musu halaka. Makiyaya na hawowa da shanu, karnuka na biye, kare ya kawo ciwon hauka. Ɗaya ya kamu, ya cije 'yan'uwansa, shi ke nan. A annobar 1991 da ta 2003, kusan kashi uku cikin huɗu na kerketan kwarin Web da ke Bale suka mutu. Shi ya sa shirin kare su, wanda aka kafa a 1995 tare da Jami'ar Oxford, ya fi ba da ƙarfi a ƙauyuka: ana bin karnukan gida dubbai ana yi musu allurar rigakafi, kerketan kuma a saka musu maganin cikin nama a ajiye a hanyarsu. A ganina dabara ce mai kyau, domin yaran makiyayan ma sun tsira daga cizon mahaukacin kare.

A hanyar saukowa muka yi ta wuce gonakin sha'ir a gefen dutse, inda jagoranmu ya ce da can ciyawar ɓeraye ce. Noma na hawa, kerkeci na ja da baya, kuma ƙololuwar Bale, Tullu Dimtu, a mita 4,377 ta tsaya, daga nan ba shi da sauran wurin hawa.