Aikin Alucobond: abin da ke ɓoye a tsakiyar falle

Sana'armu lulluɓe fuskar gini ce, galibi gidajen mai, shaguna da rassan banki a Kano da kewaye. Kowane irin falle muka ɗauko, masu gini Alucobond suke ce masa, alhali sunan kayan kamfani guda ne da aka fara fitarwa a Jamus a 1969. Yawancin na kasuwarmu daga Sin suke zuwa.

Fallen kansa alminiyam ne siriri sama da ƙasa, an manne su da roba a tsakiya. Mai kyau kaurinsa milimita 4, kowace fatar alminiyam rabin milimita. Idan baro ya buge shi ko ɗan Adaidaita Sahu ya goge shi, fatar ce ke fara karɓar dukan, robar ta bi ta baza ƙarfinsa, sai a ga ɗan lotsawa kawai ba tsagewa. Amma sai mannin ya kama sosai. In ya saki, fata ta rabu da roba, wurin ya kumbura, zafin bazara ya ƙarasa shi.

Abin da ke damuna shi ne mai gini launi da kauri kaɗai yake tambaya. Akwai fallen da ya cika milimita 4 cif, amma fatarsa ba ta kai rabin ta mai kyau ba, robar kuma tsohuwa ce da aka narka aka sake zubawa. Nakan yanko ɗan guntu, in tsaga bayansa da inji kamar za mu naɗe kusurwa, in miƙa masa: "Alhaji, lanƙwasa da hannunka." Mai kyau yana tanƙwaruwa shiru. Na banza kuwa ɓas yake karyewa kamar busasshen kara.

Ƙasan bango, inda ƙafa da babur ke kaiwa, muna ƙara yawan ƙarafan baya don kada fallen ya zauna a kan iska.

Sai maganar wuta. Gobarar benen Grenfell a Landan a 2017 ta ci rayuka 72, kuma fallayen da suka lulluɓe shi masu zallar roba ne a ciki. Shi ya sa a gidan mai ko dogon bene ba na karɓar aiki sai da falle mai farar tsakiya, wanda aka cakuɗa robarsa da garin ma'adini mai hana wuta yaɗuwa. Ya fi tsada, ya fi nauyi, yarana ma kan ji shi a kafaɗa wajen ɗorawa.