Tambayoyi Tara da Na Raina

Ranar da aka ajiye mini takardar a kan tebur, ko ƙarshenta ban karanta ba. Tambayoyi tara ne, ana ce musu STarT Back, masu bincike na Jami'ar Keele a Ingila suka tsara su domin a gane wane mai ciwon baya ne zai warke da kansa, wane ne kuma ciwon zai zame masa ƙarfen ƙafa. A raina na ce, shekara nawa na yi ina duba bayan mutane? Da yawa daga cikin abokan aikina likitocin iyali haka suka ji. Wani ya ce mini, "Minti goma gare ni, a ciki zan auna hawan jini, in duba suga, sannan kuma in cika takarda?" Ban ga laifinsa ba, har yau ma ban gani ba.

Wani dattijo ne ya sauya mini tunani. Zuwansa na uku ke nan cikin wata biyu. Na duba shi sarai: fitsari bai riƙe ba, babu mutuwar jiki tsakanin cinyoyi, babu zazzaɓi, bai rame ba, ƙafafunsa da ƙarfinsu. Kullum maganin rage zafi nake rubuta masa, shi kuma hoto yake roƙo. A wannan karon na lura da abin da ya wuce ni sau biyu. Da zai sauka daga gadon gwaji bai sunkuya ba sam, ƙafa ya miƙa, ɗansa ya durƙusa ya sa masa takalmi. Sai na jawo takardar nan muka bi ta tare.

Tambayoyi huɗu na farko a kan jiki ne: ko ciwon na sauka ƙafa, ko wuya ko kafaɗa na ciwo, ko tafiya ta gajarta, ko sa kaya na ɗaukar lokaci. Biyar na ƙarshe kuwa zuciya suke taɓawa. Da muka zo wadda ke tambaya ko yana ganin motsa jiki haɗari ne ga mai irin lalurarsa, ya ce e tun kafin in rufe baki. Ko yana jin ciwon ba zai taɓa sauƙi ba? Nan ya yi shiru.

Na ce, "Baba, me ya sa ka tunanin haka?"

Ya ce, "Likita, yayana da ciwon baya ya fara, a keken guragu ya ƙare."

Ashe makonni ya yi a kwance, yana tsoron in ya sunkuya wani abu zai tsinke. Sau biyu na duba bayansa da kyau, amma ko sau ɗaya ban tambaye shi abin da yake tsoro ba. Wannan ya tsaya mini a rai sosai.

Lissafin ba wuya: amsoshin ake ba maki, sai a tara. Maki 3 ko ƙasa da haka, haɗarin ciwon ya daɗe kaɗan ne, bayani da shawarar ci gaba da harkoki sun wadatar. Maki 4 zuwa sama, a tura shi gashin ƙashi. In kuma 4 daga ciki sun fito daga tambayoyin zuciya ne, yana bukatar mai gashin ƙashin da aka horar ya yi aiki da tsoro da damuwa tare da jiki. A gwajin da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2011, mai mutum 851, waɗanda aka bi da su ta wannan hanya sun fi samun sauƙi, kuɗin da aka kashe ma ya ragu. A 2016 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya a Ingila, ta shigar da tsarin cikin ƙa'idojinta.

Sai dai ba na ɓoye wa kowa cewa da aka gwada shi a Amurka ba a ga irin wannan amfani ba. Na fahimci dalilin a ɗakin aikina: takarda tana rarrabe mutane, amma in babu wurin tura su, ko layin ya yi tsawo, an dai cika ta ne kawai.

Abin da ya fi ba ni wuya har yanzu shi ne masu ƙaramin maki. Mutum ya zo da zafi na gaske, ka ce masa ba sai an yi hoto ba, sai ya ga kamar ka sallame shi hannu rabbana. Dole in zauna in bayyana masa cewa hoton MRI yakan nuna lalacewar guringuntsi har a bayan waɗanda ba sa jin ciwon komai, kuma ganin hakan na iya dasa masa irin tsoron da ya kwantar da dattijon nan.

Shi kam ya dawo bayan wata uku. Ciwon bai tafi duka ba, da safe yana motsa masa. Amma shi kaɗai ya zo, kuma da ya sauka daga gadon, da kansa ya sunkuya ya ja takalminsa.